Auna Gudummawar Bincike ga Muhalli da Al'umma: Nazari kan Sassaben Zamani a Maraɗi da Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rawar da bincike ya taka wajen farfaɗowar itatuwa a gonakin kudancin Nijar daga 1983 zuwa 2009, bisa rubuce-rubucen da aka riga aka wallafa. Ta nuna cewa ba bincike ne ya ƙago dabarar sassaben zamani ba. Aikinsa shi ne ganin abin da manoma suka yi, da auna shi, da kai labarinsa ga masu tsara manufofi, kuma a kan haka ya kamata a yi masa hisabi.

Gabatarwa

Masu ba da kuɗin bincike sun daina wadatuwa da ƙidayar maƙalun da aka buga. A Birtaniya, tsarin tantance binciken jami'o'i na REF ya ware kashi 20 cikin ɗari na makinsa ga tasiri a wajen jami'a a 2014, ya ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Sai dai itace ba ya girma cikin wa'adin kuɗin aiki, kuma kafin sakamako ya bayyana hannaye da yawa sun shiga. Irin wannan matsala ce ta sa masanin tantancewa John Mayne ya kawo nazarin gudummawa, cibiyar IDRC ta Kanada kuma ta fitar da taswirar sakamako a 2001. Dukansu sun bar tambayar wa ya jawo abin, suka koma tambayar me kowa ya ƙara, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wannan ma'auni aka yi nazarin.

Yadda abin ya faru

Bayan farin shekarun 1970, maganin da masana suka yarda da shi shi ne dashe. An kashe kuɗi a lambunan renon dashe, amma mafi yawan itatuwan suka mutu, in ban da wurare irin kwarin Majiya inda ƙungiyar CARE ta fara jera dogon yaro don kare iska a 1975. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi tofo kaɗan masu ƙarfi a bar su, a share saura. Wannan ne aka kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci; da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawan itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya.

Ba a nan kaɗai tushen yake ba. A Magarya da Matamaye da Mirya na yankin Damagaram, barin gawo a gona tsohuwar al'ada ce, domin manomi ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, kuma ƙarƙashinsa ya fi yabanya. Sannan dokar da ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati ta yi sanyi. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa abin da ya rena nasa ne. Damina ma ta ɗan gyaru daga shekarun 1990.

Abin da bincike ya ƙara

Kusan shekara ashirin ana wannan aiki ba tare da hukuma ta san girmansa ba. Daga 2004 ne masu bincike Chris Reij da Gray Tappan, tare da masanan Nijar, suka kwatanta hotunan jirgin sama na shekarun 1970 da na tauraron ɗan'adam, suka kuma taka ƙauyuka da ƙafa. Ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Wannan adadi ya sauya yadda ake maganar Sahel a tarukan duniya, ya ƙarfafa hujjar da masani Michael Mortimore ya daɗe yana kafawa daga karkarar Kano, cewa yawan jama'a ba lallai ya jawo kwararowar hamada ba. Dabarar ta shiga shirye-shiryen Habasha da Ghana da wasu ƙasashe, Rinaudo kuma ya samu lambar Right Livelihood a 2018. Gudummawar bincike ta fi bayyana a nan, wato a ofisoshin masu kuɗi da manufofi. A gonakin Maraɗi kuwa, itatuwan sun riga masu aunawa zuwa.

Inda ma'aunin yake da rauni

A rahoton da Reij da Tappan da Melinda Smale suka rubuta wa cibiyar bincike ta IFPRI a 2009, an ƙiyasta ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara. An same shi ne ta ninka hekta miliyan 5 da ƙarin kilo 100 da aka ɗauka kowace hekta tana bayarwa. Marubutan ba su ɓoye cewa ƙiyasi ne ba, amma da adadin ya yi ta yawo daga rahoto zuwa rahoto, sai ya zama tamkar an auna shi buhu-buhu. Mai tantancewa da ya kafa hujja da shi yana auna bincike ne da abin da binciken ya faɗa da bakinsa.

Akwai kuma zaɓin kai. Manomin da ya rungumi sassaben zamani sau da yawa shi ne mai tabbacin gonarsa. Wanda ke noman aro ko jingina ba zai rena itacen da ba zai ci ba. Idan aka tarar gidan farko ya fi wadata, dole a tambaya ko dama can ya fi.

Hoton sama kuma ba ya nuna wa ya samu, wa ya rasa. Itacen da ya zama na mai gona ya fita daga hannun kowa. Matar da mijinta ke da gona ta huta da tafiyar neman itacen girki, wadda ba su da gona kuwa za ta iya komawa saye. Makiyayin da ya saba sassare wa dabbobinsa rassan gawo da rani yanzu sai da izini, ko rigima. Auna wannan yana buƙatar bin gidaje iri-iri shekara da shekaru, har da rugage, a riƙa tambayar wa ke yanka reshe, wa ke sayarwa, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga.