Kasafin maki

kasafin maki (suna, namiji). Hanyar tsara gwarzo a wasannin tebur na kwaikwayon jarumai, inda kowane ɗan wasa ke samun maki daidai da na kowa, ya raba su kan siffofin gwarzonsa yadda ya ga dama, maimakon ya jefa ƙwayar lido ya jira sa'a.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 2014, kasafin maki 27 ne, siffofin kuma shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Kowace tana farawa daga 8, kyauta. Daga 9 zuwa 13 maki ɗaya ake biya a kowane mataki, daga nan farashi ya ninka: a jimilla 14 na cin maki 7, 15 na cin 9, nan ne iyaka. Wanda ya kai siffa uku 15 ya cinye kasafinsa tas, sauran ukun suna nan a 8. Idan ƙarfi, zafin nama da juriya ya zaɓa, gwarzonsa mayaƙi ne mai tsinka sarƙa amma yaro ma sai ya yaudare shi. Masu son caca na ganin tsarin ba armashi. Shugaban wasa kuwa ya huta da gardama.

*Misali:* "Malam, da kasafin maki za mu yi, ko jifa?"