Daga Dalmar Anka zuwa Ciwon Laka

Wannan makon za mu koma watan Maris na 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an bai wa dubban yara maganin da ke tsame dalma daga jini, Bagega kuwa sai a 2013 aikin kwashewar ya iso ta. Duk da haka, wasu da suka tsira ba su koma yadda suke ba, domin gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Ƙwayoyin jijiya da aike suke aiki, kuma sinadarin kalsiyam na cikin manyan 'yan aikensu. Dalma takan yi shigar burtu, ta bi ta ƙofar kalsiyam, ta dagula saƙon. Ƙwaƙwalwa kuma da laka dangi ɗaya ne, ba sa gyara kansu kamar fata ko ƙashi. Shi ya sa wanda rami ya rufto wa, ko ya faɗo daga babur lakarsa ta tsinke, ƙafafunsa kan shanye.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin abin da ba shi da makawa. A littafinsa da ya fito da Turanci a 1928, masanin nan na Sifen, Ramón y Cajal, ya ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka na baligi ba sa sake tofowa. A 1981 Albert Aguayo da Samuel David a Kanada suka dasa wa ɓeraye guntun jijiyar ƙafa a laka, sai zaren lakar ya tofo a cikinsa. Ashe ƙarfin tofowa yana nan, muhallin ne ke danne shi. A 1988 Martin Schwab a Zurich ya gano furotin a rigar jijiyar laka, wanda aka raɗa wa suna Nogo. Idan zare mai tofowa ya taɓa shi, wani sinadari a cikin ƙwayar mai suna Rho yakan karɓi saƙon, sai tsiron ya janye.

Yau masu bincike na neman toshe wannan saƙo, amma har yanzu babu maganin da ke haɗa lakar da ta tsinke. Kafin ya samu, abin da ke hannunmu shi ne a raba niƙan dutse da tsakar gida, wanda ya ji ciwo a baya kuma a kwantar da shi a kan katako a miƙe, kada a ɗora shi a babur.