Fadamar Haɗeja: Tsakanin zamanin iyaye da na 'ya'ya

Fadamar Haɗeja da Nguru ta shimfiɗu ne a inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke malala, a jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi. A da, ruwa kan mamaye ta a ƙarshen damina, sa'annan ya janye da rani.

A wancan zamani magidanci kan girbe gero a tudu da shinkafa a kwari, ya yi su, kana ya shuka wake a bayan ruwa. Kuɗi da ilmin boko sun yi ƙaranci, to amma ƙasa da ruwa sun wadata.

Madatsun ruwa

Al'amura sun soma sauyawa bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, lokacin da yankin ke fama da fari. Madatsar Challawa ta biyo baya a 1992.

Malalar ruwa ta ragu, yayin da sakin ruwa da rani ya bai wa ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu kuma gonakinsu suka nutse, masunta suka ga raguwar kifi.

Matasan yau

Matashin yau ya fi mahaifinsa samun damar karatu, musamman bayan ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 da kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013. Haka kuma akwai shirin noman rani na kwarin Haɗeja da aka ƙaddamar a Auyo a 2023.

Sai dai gonar gado ta tsuke saboda yawan magada, kuma noman rani na bukatar injin ban ruwa da taki da fetur, wanda farashinsa ya tashi bayan janye tallafi a 2023. Wanda ba shi da jari kan koma ƙwadago, ko ya tafi cirani Kano ko Legas.

Batun ƙabila

A nan, bambancin ya fi bin sana'a. Hausawa da Badawa da Mangawa sun fi karkata ga noma da su, Fulani kuwa ga kiwo.

Bayan hana shigo da alkama a 1987, manoma sun faɗaɗa noman rani zuwa makiyaya da mashaya. Wannan na daga cikin musabbabin rikicin manoma da makiyaya a ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma.

Saboda haka ɗan makiyayi ya gāji dabbobi amma burtali ya ƙuntata, kuma duk da kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, ƙaura na katse masa karatu. Ɗan manomi kuwa ya gāji gona, amma amfaninta ya dogara ga jari da kuma ruwan da aka sako daga Tiga da Challawa.