Daga Akushi Zuwa Tangaran: Tarihin Da Ke Ɗakin Iyayenmu

Duk wanda ya shiga Gidan Makama a birnin Kano ya ga ɗakin amarya da aka shirya irin na dā, lalle zai tuna jeren kakarsa. Wannan jere kuwa tarihi ne, ko da yake ba mu karanta shi a aji ba.

Asalin tangaran daga ƙasar Sin yake. Turawa sun daɗe suna sayensa da tsada ba su san sirrinsa ba, sai da wani Bajamushe, Johann Böttger, ya gano yadda ake haɗa farin yumɓu a gasa shi da wuta mai tsanani. A 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus, a Ingila kuma Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759.

Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester da allurai da takarda a kasuwa, wato irin kayan da raƙumi ke iya ɗaukowa daga Tarabulus. Shi kuwa tangaran, ga nauyi ga saurin fashewa. Saboda haka ƙwarya da akushi da tasa suka ci gaba da cin kasuwarsu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shigo hannun talaka, kantunan Turawa irin su John Holt, da kuma UAC daga bisani, suka cika da kwanuka masu fenti. Langa da fanteka suka hau jere, har magina na manna faranti a tsakiyar rufin soro don ado.

A nan Bunkure da Kura, mun ga irin wannan da idonmu. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani na alkama da tumatir ya kawo kuɗi, tangaran ya shiga kabad ɗin amare.

Abin lura shi ne, su Turawa sun adana nasu, har da namu. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan yana ajiye da tukwanen Ladi Kwali, wadda ta rasu a 1984. Mu kuwa, da zarar tsohuwa ta rasu sai a raba kayanta, wanda ya tsage a zubar.

Don haka nake kira gare mu, kowa ya tambayi iyarsa tun tana raye: wannan kwano wa ya saya, a wace kasuwa, a auren wa? A rubuta a ajiye. Ƙungiya kuma ta nemi kabad guda a ɗakin karatun makarantarmu, a jera wa ƙannenmu su gani. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.