Rakiyar Sarki Dikko: Tsaro da Tsarewa a Tafiyar 1921

Tun ina yaro a Kutawa nake jin dattawa suna cewa a zamanin da, wanda ya yi niyyar Hajji sai ya raba gādonsa kafin ya fita, domin hanyar Borno da Wadai da Darfur tana cin shekaru, wani lokaci ta ci mai tafiyar. Da na girma na bi tarihin tafiyar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta 1921, sai na tarar shi bai bi ta gabas ba. Kudu ya nufa, jirgin ƙasa ya kai shi Ikko, jirgin ruwa ya kai shi Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, sannan ya wuce Jidda.

Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai hukumomi da dama sun daidaita baki. Akwai ofishin Gwamna Kilifod a Ikko, da Ma'aikatar Ƙasashen Mallaka a Landan, wadda Cocil ke riƙe da ita a shekarar, da wakilin Ingila a Jidda, da fadar Sharif Husaini, mai mulkin Hijaz tun 1916. Dole a san masauki, da tafinta, da wanda zai tarbi baƙo a kowace tasha, da yadda za a riƙe gari kafin ya komo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin wannan kulawa. Turawa ba su manta da Satiru ba, inda masu da'awar Mahadi suka karkashe musu mutane a 1906, shekarar da suka ɗora Dikko a gadon sarauta. Makka kuwa matattara ce ta Musulmin duniya, har da masu ƙin mulkin mallaka. Saboda haka rakiyar da ke kare lafiyar Sarki ita ce kuma ke lura da wanda ya zauna da shi da abin da ya ji.

Duk da haka Dikko bai dawo hannu rabbana ba. Ya sauke farali yana kan mulki, ya buɗe wa sarakunan Arewa hanya. Yau idan na ga ministan harkokin waje ya sauka a wata ƙasa, dogarai na gaba da baya, nakan tambayi kaina wa ya tsara masa jerin waɗanda zai gani, kuma wa aka cire daga ciki.