Ƙashin Kifi Da Tarihin Cinikin Birnin Landan

Masana tarihi sun daɗe da sanin cewa mutanen Ingila na zamanin da suna cin busasshen kifin teku mai suna kod, musamman a kwanakin azumin Kirista da ake ƙaurace wa nama. Abin da ya gagari takardu shi ne faɗin lokacin da kifin ya fara zuwa daga nesa. Amsar ta fito ne daga juji, inda aka zubar da ƙasusuwan kifin shekaru aru-aru da suka wuce.

Haƙar tsofaffin wuraren zama ta nuna cewa wajajen shekara ta 1000 Miladiyya Ingilawa suka karkata daga kifin rafi zuwa na teku. To, amma daga wane teku? Nan ne James Barrett na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka nemi taimakon ilimin sinadarai. Kabon da naitirojin kowannensu yana da nau'i mai nauyi da marar nauyi, waɗanda ake kira aisotof, kuma ba sa ruɓewa. Yawan kowane nau'i a jikin kifi ya danganta da abincinsa da ɗumin ruwan da ya rayu a ciki da kuma gishirinsa. Saboda haka ƙashi yana riƙe da tambarin mahaifarsa.

Dabarar masanan ta dogara ne a kan al'adar masunta. Duk kifin da za a busar, a bakin gaɓar da aka kama shi ake sare masa kai. Ke nan ƙashin kai shaida ne na kifin gida. Sai suka auna kawunan da aka tono a arewacin Norway da Aisilan da Sikotilan da gaɓar Tekun Arewa, suka sami ma'aunin kowane yanki, sannan suka gwada ƙasusuwan baya da aka samu a birane.

Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa a ƙarni na 11 da na 12 yawancin kifin daga kudancin Tekun Arewa ya fito, wato masuntan kusa ne suka ciyar da birane. Daga ƙarni na 13 kuwa, kifin arewa mai nisa ya yawaita a Landan, ƙasusuwan kai suka yi ƙaranci. Birnin ya girma har tekun da ke maƙwabtaka da shi ya kasa ƙosar da shi.

Wannan ciniki bai mutu ba. Har yau ana shanya kifin a iskar sanyi ta tsibiran Lofoten, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu sayensa. Shi ne Ibo ke kira okporoko. Kawunan da a da ake bari a bakin teku, yanzu su ma busar da su ake yi a auno su zuwa kasuwanninmu.