Makarantar da ake dasa wa ɗalibi bishiya in ya ci gudu

1/ Duk sanda 'yan Kenya suka kwashe lambobi a gudun dogon zango sai ka ji ana cewa "ai a jininsu yake." Ni kam wannan maganar ba ta gamsar da ni. Bari in ba ku labarin wata sakandare guda ɗaya tak. Zare 🧵

2/ Sunanta St. Patrick's, a garin Iten na Kenya, kan tsaunin da ya kai kusan mita 2,400. 'Yan mishan daga ƙasar Ayilan suka buɗe ta a 1961. Makarantar kwana ce ta maza.

3/ A 1976 aka turo wani malami, Colm O'Connell, ya koyar da labarin ƙasa. Mutumin nan bai taɓa horar da kowa gudu ba fa. Taimaka wa kocin makarantar yake yi, da kocin ya tafi sai aikin ya faɗo kansa.

4/ Tunda bai zo da littafin horo ba, dole ya zauna ya karanci yaran: wa ke saurin karaya, wa ke buƙatar hutu, wa ke gudu da tsoro. A ganina nan asirin yake. Kocin da ya cika sani sau da yawa agogo yake kallo, ya manta da yaron.

5/ Ibrahim Hussein a nan ya yi karatu. Gudu ya samo masa tallafin karatu a Jami'ar New Mexico ta Amurka. Ya ci gudun fanfalaki na New York a 1987, a 1988 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci na Boston, da tazarar daƙiƙa ɗaya. Ku lura, sai da ƙafarsa ta kai shi aji kafin ta kai shi ga kofi.

6/ Peter Rono ma ɗan makarantar ne. A Olamfik ɗin Seoul, 1988, ba wanda ya sa shi a lissafi a mita 1,500. Yana ɗan shekara 21 ya shige gaba, yana ta waiwaye kamar wanda bai yarda ba, har ya ƙetare layi. Ku nemi bidiyon, wallahi akwai daɗin kallo.

7/ Wurin da ya fi burge ni: a 1989 Colm ya fara sansanin horo lokacin hutu, ya sa har da 'yan mata, a zamanin da aure da wuri ke raba su da fili da aji gaba ɗaya. Sally Barsosio na cikin waɗanda suka bi ta hannunsa. Tagulla a gasar duniya ta 1993 tana shekara 15, zinare a mita 10,000 a 1997 tana 19. Ita ce macen Kenya ta farko da ta yi haka.

8/ David Rudisha kuwa mita 400 yake gudu, Colm ya ce gwada 800. Rauni ya hana shi Olamfik ɗin 2008, aka fitar da shi a kusa da ƙarshe a Berlin 2009. Ba a canja koci ba. Landan 2012: 1:40.91, har yau ba a karya ba.

9/ A harabar makarantar, tsohon ɗalibin da ya yi fice a duniya ana dasa masa bishiya, a kafa allo da sunansa. Ɗan aji ɗaya da aka tasa gudun asuba cikin sanyin Iten ta gefensu yake wucewa.